Makunnin da Ke Tayar da Injin Zuƙar Ƙura da Kansa a Shagon Kafinta: Yadda Yake Aiki da Inda Yake Gazawa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wata ƙaramar na'ura da ke kunna injin zuƙar ƙura da zarar kafinta ya tayar da zarton lantarki ko injin goge katako, ta kuma kashe shi jim kaɗan bayan an gama yanka. An fara da dalilin lafiya da ya sa ake buƙatarta, sannan aka bi hanyar da take gane cewa kayan aiki ya tashi, da jinkiri iri biyu da ake sa mata. Hujjar maƙalar ita ce gane tashin kayan aiki shi ne ɓangare mafi sauƙi. Abin da ke bambanta na'ura mai amfani da wadda za a cire a jefar bayan mako guda shi ne lissafin lokaci da lissafin nauyin wuta, kuma waɗannan biyun ne ke sauyawa idan aka ɗauko na'urar daga shagon da wutarsa ba ta rawa aka kai ta shagon da ke aiki da janareta.

1. Gabatarwa

A 1965, Ronald Macbeth, likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Oxford, ya ja hankalin likitoci kan wani nau'in sankarar hanci da ba a saba gani ba, wanda ya yawaita tsakanin masu ƙera kujeru a garin High Wycombe na Ingila. Bayan shekara uku, a 1968, binciken da Donald Acheson da abokan aikinsa suka wallafa ya tabbatar da alaƙar ciwon da wannan sana'a. A 1995 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, mai mazauni a Lyon, ta sa ƙurar katako a rukuni na ɗaya, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam sankara. Ciwon yakan ɗauki gomman shekaru kafin ya bayyana, shi ya sa ba ya tsoratar da saurayin da ke koyon aiki. Wanda ke zuwa da wuri shi ne asma da ƙaiƙayin fata, kuma daga cikin itatuwan da likitocin Turai suka daɗe da saninsu da wannan akwai iroko da obeche, itatuwan Afirka ta Yamma da ake saukewa kullum a kasuwannin katako irin su Na'ibawa a Kano.

Tarayyar Turai ta ƙayyade ƙurar katako mai tauri a miligiram 3 cikin iska mai tsawo da faɗi da zurfin mita ɗaya-ɗaya, sannan daga Janairun 2023 ta sauko da ita zuwa miligiram 2, a matsakaicin awa takwas na aiki. Domin a ga ƙanƙantar wannan adadi, mu ɗauki shago mai tsawon mita 5, faɗin mita 4, tsayin mita 3. Iskar cikinsa mita 60 ce, saboda haka miligiram 120 na ƙura sun isa su kai ta iyaka. Faifan zarto mai kaurin milimita 3, idan ya bi mita ɗaya a allon MDF mai kaurin milimita 18, zai mayar da kimanin giram 40 na allon gari. Ko kashi ɗaya cikin ɗari ne ya tashi sama, miligiram 400 ke nan. Gaskiya ne shagunanmu da yawa bakinsu a buɗe yake, iska na ratsawa, kuma hakan na rage wani abu. Amma hancin mai yanka bai fi kamu ɗaya daga faifan ba, kuma ƙurar tana isa gare shi kafin ta isa ƙofa.

Ƙurar da ido ke gani, wadda ake sharewa da tsintsiya, ita ce mai sauƙi. Bisa ƙa'idar Stokes, a iskar da ba ta motsi, ƙwayar ƙura mai faɗin maikuron 10 tana sauka da kimanin milimita 3 a daƙiƙa, wato minti takwas daga tsayin hanci zuwa ƙasa. Mai maikuron ɗaya kuwa sai ta yi kusan yini guda tana shawagi. Ma'anar wannan a aikace ita ce ƙurar da aka bari ta kuɓuce a daƙiƙa biyar ɗin yanka, ana shaƙarta har bayan la'asar. Dole a kama ta a bakin faifai, a daidai lokacin da take fita.

A nan ne halin ɗan Adam ke shigowa. Mai shagon da ya sayi injin zuƙar ƙura yakan kunna shi idan zai daɗe yana goge ƙofa. Amma yawancin yankan kafinta gajere ne: a rage ƙafar kujera, a auna, a dawo a ƙara ragewa. Kowane lokaci zuciya na cewa ai yanka ɗaya ne. Barin injin a kunne yini guda kuma ba mafita ba ne. Inji mai wat 1,200 a awa takwas yana shan yunit 9.6 na wuta, ga ƙarar da ke hana maigida jin abin da yaronsa ke faɗa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin yunit na rukunin Band A ya haura naira 200 a Afrilun 2024, babu mai shagon da zai yarda da haka. Makunni mai kunna kansa yana cire wannan shawara daga hannun mutum gaba ɗaya.

2. Yadda na'urar ke gane tashin kayan aiki

Hanya mafi yaɗuwa ita ce auna wutar da kayan aikin ke ja. Injinan zuƙar ƙura na Festool da Fein da Bosch da Makita da yawa suna zuwa da soket a jikinsu: a cusa filogin zarto a nan, a murɗa makunni zuwa matsayin kunna kai. Akwai kuma akwatuna daban, irin na iVAC daga Kanada, da ake haɗawa da kowane inji. Abin da ke cikinsu kusan iri ɗaya ne, kuma duk mai gyaran rediyo da ya iya walda da dalma zai iya haɗa shi.

Zuciyar abin ƙaramar taransifoma ce mai siffar zobe. Ana zura waya ɗaya ta kayan aikin ta tsakiyar zoben, shi kuma zoben an naɗe shi da siririyar waya, a ce zagaye 1,000. Wutar da ke kai da komo a babbar wayar sau 50 a daƙiƙa tana haifar da maganaɗisu a zoben, maganaɗisun ya haifar da wuta a naɗin, kamar yadda Michael Faraday ya gano a 1831. Idan zarto na jan amf 5, naɗin zai fitar da miliamf 5, kuma idan aka bi da ita ta rizista mai om 100, za a sami rabin bolt. Amfanin wannan tsari shi ne babu taɓawa tsakanin wutar gida mai kisa da ɓangaren lissafi.

Kurakurai biyu sun zama ruwan dare a nan. Na farko, a zura igiyar wutar gaba ɗayanta ta cikin zoben. Wayar layif da ta nutural suna ɗauke da wuta daidai wa daida amma ta fuskoki masu karo, maganaɗisunsu ya kashe juna, zoben bai ji komai ba. Waya ɗaya tak ake so. Na biyu, a bar naɗin babu rizista alhali wuta na gudana a babbar wayar, wanda ke iya sa ƙarfin wuta a bakin naɗin ya hau har ya huda rufin wayar.

Matsala mafi daɗin nazari ita ce inda za a sa iyaka. Ƙaramin injin goge katako na hannu ba ya wuce wat 200 zuwa 300, kuma idan an rage gudunsa abin da yake ja na raguwa sosai. A ɗaya gefen, wasu kayan aikin zamani masu lantarkin daidaita gudu suna tsotsar 'yar wuta ko a kashe suke. Idan iyakar ta yi sama, ƙaramin inji ba zai tayar da mai zuƙa ba, kuma shi ne ya fi kowa fitar da ƙura mai laushi. Idan ta yi ƙasa, mai zuƙa zai tashi ya ƙi mutuwa. A ce an sa ta a amf 0.2, kimanin wat 46 a bolt 230. A zobenmu na sama wannan milibolt 20 ne kacal, alhali dayod na silikon sai ya sami wajen milibolt 600 yake buɗewa. Saboda haka zanen da ke haɗa zoben kai tsaye da dayod da taransista yana aiki da babban zarto, ya yi shiru da ƙaramin inji. Sai an ƙara wa siginar ƙarfi kafin a miƙar da ita, ko kuma a zagaya babbar wayar sau uku ko huɗu ta cikin zoben, wanda ke ninka siginar sau uku ko huɗu ba tare da an sayi komai ba. Ana kuma so iyakar kunnawa ta ɗara ta kashewa kaɗan, don kada rile, wato makunnin da ke ba mai zuƙa wuta, ya yi ta kaɗawa idan wutar ta tsaya a kan gaɓa.

Masu aiki da Arduino sukan zaɓi ma'aunin wuta ACS712 na kamfanin Allegro a maimakon zoben, wanda ke amfani da abin da Edwin Hall ya gano a 1879. Yana aiki. Sai dai wutar zarton gaba ɗayanta na bi ta kan ƙaramin allo mai siraran layuka da ƙananan kusoshi, a cikin shago mai ƙura da girgiza. A ganina zoben ya fi shi kwanciyar hankali.

3. Jinkiri biyu

Jinkiri na farko na tashi ne. Moton lantarki irin na babban zarton tebur yana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da aka rubuta a jikinsa a lokacin da yake tashi, har sai ya kai gudunsa. Moton mai zuƙa ma yana da nasa fizgar. Idan suka tashi tare, fizgar biyu ta haɗu a waya ɗaya. Shi ya sa ake sa mai zuƙa ya jira rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa ɗaya. Ba a asarar komai, domin babu kafintan da ke kai katako bakin faifai kafin ya ji sautinsa ya daidaita.

Jinkiri na biyu na kashewa ne, kuma yawancin injinan kasuwa na ci gaba da zuƙa na 'yan daƙiƙoƙi bayan an saki makunnin kayan aiki. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne don a kwashe abin da ya rage a cikin tiyo. Wannan bayani bai cika ba. Gudun iskar da ake nema domin garin katako kada ya kwanta a bututu kimanin mita 20 ne a daƙiƙa. A tiyo mai mita 4, iskar ta ratsa shi a kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Ko an ninka wannan sau biyar saboda manyan ɓarɓashi masu jan ƙafa, daƙiƙa ɗaya ce. Abin da ke cin lokacin shi ne faifan da ke ci gaba da juyawa bayan an kashe wuta, yana kaɗa garin da ke cikin akwatin zarto yana watso shi waje. Zoben auna wuta ba ya ganin wannan, domin a wurinsa aiki ya ƙare tun da wuta ta daina gudana. Don haka tsawon jinkirin ya kamata ya bi tsawon lokacin da faifan ke ɗauka ya tsaya cak. Zarto mai birki na tsayawa cikin daƙiƙa biyu ko uku. Tsohon zarton tebur marar birki, irin waɗanda ake haɗawa da moton da aka sake wa naɗi, yana iya daɗewa fiye da haka nesa ba kusa ba. Na'urar da jinkirinta ba ya sauyuwa an yi ta ne domin zarto na farko. Mai haɗa ta a gida ya sa mata abin murɗawa, ya tsaya da agogo a gaban zartonsa ya auna.

Akwai wani dalilin da ke sa a tsawaita jinkirin sosai, kuma ya shafi manyan injinan tara ƙura masu bututun milimita 100, waɗanda ke jan iska mai yawa da ƙaramin ƙarfin tsotsa. Motonsu na tashi ne da taimakon kafasita da naɗin tashi, kuma kowane tashi yana zafafa su. Wasu masu ƙera su na ba da shawarar kada a wuce tashi shida a awa guda. Mai yanka ƙafafun kujeru zai cinye wannan adadi a minti biyar. Ga irin wannan inji, jinkirin minti biyu ko uku ya fi dacewa, ta yadda yanka na gaba zai tarar da shi yana gudu. Makunnin da aka yi wa ƙaramin mai zuƙa, idan aka ɗaura shi a babban mai tarawa ba tare da gyara ba, kai tsaye yake kai mutum wurin mai naɗin kwayil.

4. Nauyin wuta da zaman janareta

Filogi mai baki uku da Najeriya ta gada daga Ingila yana da fis ɗin amf 13 a cikinsa, wato kusan wat 3,000 a bolt 230. Idan mai zuƙa ya ɗauki 1,200, abin da ya rage wa soket ɗin jikinsa bai wuce 1,800 ba. A Amurka da Kanada abin ya fi matsewa, domin layin amf 15 a bolt 120 wat 1,800 ne gaba ɗaya, shi ya sa wasu akwatunan can ke zuwa da igiyar wuta biyu, ɗaya ta kayan aiki ɗaya ta mai zuƙa, kowace a layinta. Zoben auna wuta ya sa wannan ya yiwu, tun da ba ya haɗa layukan biyu.

Wannan dabara ba ta aiki a kan janareta. Ko soket nawa aka raba, duk daga kwayil ɗaya suke sha. Janareta mai kilowat biyu da rabi, idan babban zarto ya tashi, za ka ji muryarsa ta dusashe, ƙwan fitila ya rage haske, kafin ya farfaɗo. Idan mai zuƙa ya faɗo a wannan lokaci, ko bireka ya faɗi ko injin ya shaƙe. A nan jinkirin tashi shi ne kaɗai kariya, kuma rabin daƙiƙar Turai ta yi kaɗan. Ina ganin daƙiƙa biyu ta fi zama wurin farawa, a ƙara ko a rage gwargwadon yadda injin ke farfaɗowa.

Sai batun lo karan. Ƙa'idar IEC ta ce kwantakta, wato babban rile, ya kama da tabbaci daga kashi 85 cikin ɗari na ƙarfin da aka rubuta masa, wato kimanin bolt 195. Wutar da ke ƙasa da haka ba baƙuwa ba ce a unguwanninmu. Abin da ke faruwa shi ne kwantakta ya kama, mai zuƙa ya ja wuta, ƙarfin ya ƙara faɗuwa, kwantakta ya saki, ƙarfin ya dawo, ya sake kamawa, sau da yawa a daƙiƙa guda, har bakinsa ya ƙone ko ya manne. Maganin yana cikin aljihun kowa: cajar waya ta kirki an rubuta mata bolt 100 zuwa 240, kuma a duk wannan tsakanin bolt 5 take fitarwa. Idan ɓangaren lissafi da kwayil ɗin rile suna sha daga irin wannan, rawar wuta ba ta girgiza su. Sai dai a kula da lambar da ke jikin rile. Amf 10 ɗin da aka buga a ƙaramin shuɗin rile na kasuwa na nauyi ne irin na hita, wanda ba ya fizga. Moto na buƙatar wanda ya ninka haka, ko kwantakta na rukunin AC-3 idan babban inji ne.

5. Abin da na'urar ba ta gani

Makunnin ba ya sanin me ake yanka. Idan yaron shago ya cusa giranda a soket ɗin don ya datse ƙusa ko ƙarfen gado, mai zuƙa zai tashi, kuma idan tiyon na kusa, tartsatsi zai shiga buhun da ke cike da busasshen gari, iska na hura shi. Irin wannan wuta tana iya ci a ɓoye sai bayan an rufe shago, kuma kowa ya san abin da gobara ke yi a layin 'yan katako lokacin hunturu. Soket ɗin ya zama na kayan katako kaɗai, a yi masa fenti daban.

Haka kuma, yawancin manyan injina na zuwa da makunni mai kore da ja wanda ke sakin kansa idan an ɗauke wuta, ba ya komawa sai an sake danna shi. An yi shi ne don kada inji ya tashi da kansa idan wuta ta dawo. Makunni mai kunna kansa ba ya iya tayar da injin da ke da irin wannan, saboda haka wasu sukan tsallake shi da waya. A kan mai tara ƙura ana iya yin haka idan an rufe bakin fankarsa da raga, an kuma sa makunnin yanke wuta na hannu da za a kashe kafin a sa hannu a ciki. A kan zarto kuwa bai halatta ba ko kaɗan, musamman a inda ake ɗauke wuta a dawo da ita babu sallama.

Kayan aiki masu batir ba su da igiyar da za a auna. Makita da Festool sun bi ta Bluetooth, Metabo kuma ya sa abin jin girgiza a bakin tiyo. Kowane kamfani da nasa tsarin, kuma ba sa jin maganar juna. Ga injinan da ke kafe wuri ɗaya akwai hanya mai arha: a sa ƙaramin makunni a jikin murfin da ke buɗe bututun kowane inji, buɗe murfin ya tayar da mai tarawa. Ba ta kai kunna kai ba, domin sai mutum ya tuna, amma ba ta da lantarkin da zai lalace.

6. Matata

Duk abin da aka faɗa ya dogara ne a kan cewa ƙurar da ta shiga injin tana zama a ciki. Ƙa'idar IEC 60335-2-69 ta kasa injinan zuwa aji uku: ajin L na riƙe aƙalla kashi 99 cikin ɗari, M kashi 99.9, H kashi 99.995, kuma M ne ake nema wa ƙurar katako a Turai. Injin da matatarsa ƙyalle ne ko soso yana kama manyan ɓarɓashi, ya feso mai laushin ta baya da ƙarfi. Sa wa irin wannan makunni mai kunna kansa yana nufin zai riƙa yin haka a kowane yanka, ba tare da mantuwa ba.

Matatar ajin M tana da tsada, kuma garin MDF na toshe ta da sauri. Abu biyu na rage wannan. Na ɗaya, a sa mazurari mai juya iska a kan ganga tsakanin kayan aiki da injin, mafi yawan garin ya faɗa gangar kafin ya kai matata. Masu walda na iya lanƙwasa shi da falle, muddin murfin gangar ba ya shan iska. Na biyu, a ajiye injin kansa a bayan shago, a shigo da tiyo ta bango, iskar da ya fitar ta tafi waje, nesa da tagar maƙwabci da mai sayar da abinci. Injin da ke bayan bango kuwa babu mai zagayawa ya kunna shi don yanka ɗaya, saboda haka wannan tsari ba ya yiwuwa sai da makunnin. Sai a ƙara ƙaramar fitila a saman zarto wadda ke kamawa tare da rile, domin ƙarar zarto na rufe ta injin da ke waje, kuma fis na iya ƙonewa a yi kwana biyu ana yanka ba wanda ya lura.